Kanular Ƙarin Ruwa: Yadda Take Lalacewa a Hannu, da Abin da Na'ura Ke Kasa Ganowa

Duk matashin da ya taɓa kwanan jinya a asibiti ya san wannan yanayin. Dare ya raba, ledar ruwa na rataye a jikin ƙarfe, mara lafiya ya samu barci, mai jinya kuma yana kan benci ko tabarma yana latsa waya. Can sai a lura ruwan ya daina ɗiga, ko bayan hannun ya tashi kamar an hura balan-balan. A je a taso nas, ta duba ta ce, "Ai ta goce, sai an sake wata." Mara lafiya ya fara ƙorafi, don ya san za a sake laluben jijiya.

Wannan 'yar robar mai fiffike biyu da ake mannewa da filasta, wadda ake kira kanula, tana cikin na'urorin da aka fi amfani da su a asibitocin duniya. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan hana cututtukan da ke shiga ta irin wannan kanula, inda ta ce waɗanda ke buƙatarta na iya kaiwa kashi 70 cikin 100 na marasa lafiyar da ake kwantarwa. Wani nazari kuma da aka buga a Amurka a 2015, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin 100 na kanulolin da ake sakawa suna lalacewa kafin a gama aikin da aka saka su dominsa. Da a ce wani kamfani ne ya fito da cajar da ɗaya cikin uku ke mutuwa kafin batir ya cika, da tuni an yi masa ca a Facebook. Amma ita kanula an saba da hakan, har ana ganin kamar haka Allah Ya yi ta.

Abin da ke cikin hannun

Mutane da yawa sun ɗauka allurar ƙarfe ce ke kwana a cikin jijiya, shi ya sa za a ga mara lafiya ya sandarar da hannu kamar itace. Allurar aikinta huda fata da jijiya ne kawai. Tana sanye ne cikin wani siririn bututun roba mai laushi. Da zarar jini ya leƙo a bayan kanular, alamar an shiga jijiya ke nan, sai a tura robar gaba a zare allurar a jefar. Robar kaɗai ke zama. Wannan dabarar ta samo asali ne a 1950 daga wani likita mai suna David Massa a asibitin Mayo da ke Amurka, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba, sai dai ingancin robar.

Launin kanula ba ado ba ne, girmanta yake nunawa, kuma lambar tana tafiya ne a juye: idan lamba ta ƙaru, bututun ya ƙara sirancewa. Mai ruwan toka lamba 16 ce, koriya 18, mai ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya 24 wadda aka fi saka wa jarirai. Koriya kan wuce kusan mililita 90 a minti ɗaya, shuɗiya kuwa kusan 35, gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Babba tana da amfani idan mutum ya zubar da jini ko amai da gudawa sun ƙarar da shi, ana son ruwa ya shiga da gudu. Amma idan aka cusa babba a ƙaramar jijiya, tana cike hanyar, jini ya kasa zagayawa ta gefenta ya tsarma maganin, robar kuma ta yi ta gugar bangon jijiyar. Yawancin matsalolin da za a ambata a ƙasa daga nan suke farawa: girman da bai dace ba, wurin da bai dace ba, musamman gaɓar da ake yawan lanƙwasawa kamar wuyan hannu da cikin gwiwar hannu, sai kuma filastar da ba ta riƙe da kyau ba.

Idan ruwa ya bar hanya

Cikin matsalolin da aka fi gani akwai gocewar ruwa daga jijiya zuwa cikin naman da ke kewaye da ita. Ma'aikatan asibiti a Najeriya kan ce kanula "ta yi tishu". Ko dai bakin robar ya huda ɗaya bangon jijiyar, ko ya zame ya fito, ko kuma jijiyar ta yi rauni ruwa na tsattsafowa. Wurin yana kumbura, fatar ta yi tauri tana sheƙi, idan aka taɓa a ji ta fi ɗaya hannun sanyi, domin ruwan leda bai kai ɗumin jiki ba. Idan ruwan gishiri ne zalla, maganin ba shi da wahala: a tsayar da ruwan, a cire kanular, a ɗaga hannun bisa filo, jiki zai shanye ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu. Sabuwar kanula kuma a kai ta ɗaya hannun.

A nan ne mai sha'awar na'urori zai so ya tsaya. A manyan asibitoci akwai injin da ke tura ruwa da lissafi, mai allo da ƙararrawa, kuma mutane kan saki jiki idan suka gan shi, a tunaninsu zai yi ƙara idan wani abu ya lalace. To, abin da injin ke aunawa matsin ruwa ne a cikin bututu. An tsara shi ya yi ƙara idan matsin ya haura wani mataki, misali bututu ya lanƙwashe ko kanula ta toshe. Naman da ke ƙarƙashin fata kuwa yana da laushi, yana buɗewa ya karɓi ruwa ba tare da matsin ya tashi sosai ba, musamman a jikin jariri ko tsoho. Saboda haka injin zai ci gaba da turawa, allonsa na nuna komai lafiya, hannu kuma na ta kumbura. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan kuskuren: tsarin yana amsa tambayar da aka ba shi daidai, tambayar ce ba ta dace ba. Haka ma ɗigar ruwa a ledar da aka rataye ba hujja ba ce cewa a jijiya yake shiga.

Lamarin yana zama babba idan abin da ya goce ba ruwan gishiri ba ne. Akwai magungunan da jijiya ke jurewa saboda jini na tsarma su nan take, amma idan suka taru a nama sai su ƙone shi. Daga cikinsu akwai wasu magungunan kansa irin su doksorubisin, akwai kalsiyam da fotasiyam masu ƙarfi, da gulukos mai kauri na kashi 50 da ake yi wa wanda sukarinsa ya faɗi, da fenitoyin na farfaɗiya, da magungunan ɗaga hawan jini na ɗakin kulawa ta musamman irin su dofamin. Alamar farko sau da yawa zafi ne da raɗaɗi a lokacin da ake tura maganin. Bayan awanni ko kwanaki wurin na iya yin bororo, ya yi baƙi, fata ta mutu, wani lokaci har sai an yi aikin dashen fata.

Abin da ake yi a nan ya saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Ana tsayar da maganin nan take, amma ba a gaggawar fizge kanular. Ana cire bututun, a saka sirinji a bakin kanular a zuƙo abin da za a iya zuƙowa, sannan a cire ta. Ba a tura ruwan wankewa, don zai ƙara watsa maganin. Ana zagaye iyakar kumburin da biro a rubuta lokaci. Gashi kuma ya danganta da irin maganin: wasu sanyi ake sakawa don a tsare su wuri ɗaya, doksorubisin na cikinsu, wasu ɗumi ake sakawa don su bazu jiki ya kwashe. Wasu suna da makari. Akwai hayaluronides da ake yi a kewayen wurin don ya sassauta nama maganin ya baje, akwai fentolamin na magungunan ɗaga hawan jini, shi kuma makarin doksorubisin sai an fara shi cikin awa 6. Wannan ne ya sa al'adar nan ta masu jinya, ta ɗauko tsumma da ruwan zafi a gasa, ko a murza man zafi, take da haɗari idan ba a san abin da ke cikin ledar ba. Tambaya ɗaya ga nas, "Wane magani ne a ciki, kuma a gasa ko kada a gasa?", ta isa ta raba gardama.

A wannan gaɓar wayar da ke hannun mai jinya tana da aiki na gaske. Hoton hannun da aka ɗauka lokacin da aka saka kanula, da wani bayan awanni, a haske iri ɗaya, hannayen biyu a jere, yana ɗauke da lokaci a jikinsa. Nas ɗin da ta karɓi aiki da dare ba ta ga yadda hannun yake da rana ba, kuma a ɗakin da ma'aikaciya ɗaya ke kula da gadaje masu yawa, ba kowane abu ake samun rubutawa ba. Hoton hannun ɗan'uwa kawai ake nufi, da saninsa, ba ɗaukar sauran marasa lafiya ko ma'aikata ba.

Jan da ba ya nunawa a baƙar fata

Matsala ta biyu ita ce kumburin ita kanta jijiyar, wanda likitoci ke kira filebaitis. Gugar roba na jawo shi, magani mai zafi na jawo shi, ƙwayoyin cuta ma haka. Wurin na ciwo, yana ɗaukar zafi, daga baya jijiyar ta yi tauri a ji ta kamar igiya a ƙarƙashin fata. Asibitoci da yawa na amfani da wani ma'auni daga 0 zuwa 5 da wani ma'aikacin jinya a Ingila, Andrew Jackson, ya fitar a 1998. Idan an kai mataki na 2, wato alamu biyu sun haɗu daga cikin ciwo, ja da kumburi, ƙa'ida ita ce a cire kanular. Daga nan sai gashi da ɗumi, ɗaga hannu, da maganin rage raɗaɗi idan likita ya ga dacewarsa.

Sai dai ma'aunin ya dogara sosai da ganin ja a fata, kuma hotunan da ke yawancin littattafan koyarwa na farar fata ne. A hannun Bahaushe ko Babarbare, jan ba lallai ya fito ba. Abin da za a gani shi ne wurin ya ɗan ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ma ba a ga komai ba sai an taɓa. Wanda ya tsaya jiran ganin ja kamar na hoton da Google ya nuna masa zai makara. Shi ya sa wasu asibitocin yara ke koyar da iyaye abu uku: a taɓa, a duba, a kwatanta da ɗaya hannun. Taɓawar a gefen filasta ake yi, da hannu wankakke, ba a kan ramin ba. Ciwon da mara lafiya ke faɗa shi ma alama ce, bai kamata a ce masa raki ne ba. Jariri da wanda ba ya cikin hayyacinsa ba za su iya faɗa ba, su ne kuma suka fi shan wahala.

Mafi haɗari, duk da bai cika faruwa ba, shi ne ƙwayar cuta ta bi jikin robar ta shiga jini. Wani babban nazari na 2006 ya ƙiyasta hakan a kusan kanula 1 cikin 1,000. Adadin ƙarami ne, amma idan aka tuna yawan kanulolin da ake sakawa kullum, mutanen ba kaɗan ba ne. Ƙwayar da aka fi tsoro ita ce stafilokokus da ke zaune a fatar mutum, wadda idan ta shiga jini tana iya kaiwa ga zuciya ko ƙashi. Zazzaɓi da rawar sanyi ga mai kanula, ko mugunya a bakin ramin, abu ne da za a sanar da likita nan take, kada a yanke hukuncin cewa maleriya ce ta dawo. Ana cire kanular, a ɗebi jini a kai gwaji, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Rigakafin kuwa ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada: wanke hannu, goge fata da sifirit ko kulohekzidin a bar shi ya bushe, kada a sake taɓa wurin bayan an goge, a goge bakin kanula kafin kowace allura, a canza filastar da ta jiƙe ko ta yi datti. A irin ƙarin ruwan da ake yi a bayan kanta a wasu shagunan kemis, ko a ɗaki a gida, waɗannan matakan ne ake fara tsallakewa.

Kwana nawa ya kamata kanula ta yi? Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a canza duk bayan kwana 3 zuwa 4. A 2012 mujallar Lancet ta buga binciken Claire Rickard da abokan aikinta a asibitoci uku na Ostireliya, kan marasa lafiya 3,283. Wasu an riƙa canza musu bisa jadawali, wasu kuma sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya fito kashi 7 cikin 100 a kowane ɓangare. Daga nan asibitoci da yawa suka koma canzawa idan akwai dalili. Sai dai wannan tsarin sharaɗinsa a riƙa duba wurin a kai a kai. Inda ba a dubawa, "sai an ga dalili" na iya komawa "sai ta ruɓe". Kanular da ba a amfani da ita kuwa, wadda aka bari "ko da za a buƙata", cire ta ya fi.

Toshewa, iska da 'yar tayar nan

Kanula na toshewa idan jini ya daskare a cikinta, galibi bayan leda ta ƙare ba a lura ba, ko tsakanin allurai. Mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ake yi wa atesunet, misali, ana yi masa a farko, sai bayan awa 12, sai a awa ta 24. A tsakanin nan kanular na zaune ba aiki, don haka ake wanke ta da ɗan ruwan gishiri bayan kowace allura. Idan ta toshe ba a tura sirinji da ƙarfi, sabuwa ake sakawa. Jini ya ɗan hauro cikin bututu idan an ɗaga hannu sama da leda, ko an shiga banɗaki da ita a hannu, ba abin tashin hankali ba ne, nauyi ne ya juya.

'Yan ƙananan kumfar iska da ke tsorata masu jinya, har wani ya yi ta ihu, yawanci jiki na shanye su ba tare da illa ba. Iska mai yawa ce ke da haɗari, kamar a haɗa bututun da ba a cika shi da ruwa ba tukuna. Abin da ya fi kumfar haɗari, amma ba a tsoronsa, shi ne 'yar tayar da ke jikin bututu. Sau da yawa mai jinya kan murza ta don leda ta ƙare da wuri a tafi gida. Lissafin ba wuya: bututun manya na yau da kullum yana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ledar mililita 500 ɗigo 10,000 ke nan. Idan likita ya ce ta yi awa 8, wato minti 480, ana neman ɗigo 21 a minti, kusan 5 a daƙiƙa 15, abin da agogon waya zai iya ƙirgawa. Wanda ya buɗe tayar ta ƙare a minti 40 ya ninka gudun sau 12. Ga ƙaramin yaro, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, wannan na iya tara ruwa a huhu numfashi ya gagara. Idan akwai fotasiyam ko kwinin a ledar, bugun zuciya ne ke cikin haɗari.

Akwai kuma waɗanda ke faruwa a lokacin sakawa. Jini na iya taruwa a ƙarƙashin fata idan an huda jijiya aka wuce, maganinsa dannawa da auduga na 'yan mintuna. Idan mutum ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi har yatsu, musamman a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, allura ta taɓa jijiyar da ke kai saƙon ji ne, kuma a take ya kamata a zare. Ba a kuma mayar da allura cikin robar bayan an fara zare ta, don tana iya yanke guntun roba ya bi jini.

Na'urorin neman jijiya

Masu sikila da ake yawan kwantarwa, da masu ƙiba, da yaran da ruwan jikinsu ya ƙare, sun san azabar huda biyar ko shida kafin a dace. Kowace huda kuma tana lalata jijiyar da za a nema gobe. Kamfanoni sun shigo nan. AccuVein da VeinViewer suna haska fata da hasken infirared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Sinadarin da ke sa jini ja yana shanye wannan hasken fiye da naman da ke gefensa, sai na'urar ta ɗauki hoton ta haska taswirar jijiyoyin a kan fatar. Launin fata bai cika tare wannan hasken kamar yadda yake tare hasken da ido ke gani ba, don haka tana nuna jijiya a baƙar fata. Amma ganin jijiya daban, shiga cikinta daban: na'urar ba ta nuna zurfi sosai, kuma binciken da aka yi bai nuna a kowane lokaci cewa tana ƙara dacewa a huda ta farko ba.

Manhajojin da ke Play Store masu cewa za su mayar da waya na'urar ganin jijiya kuwa, a yi hattara da su. Kyamarar waya tana da matatar da ke tare yawancin hasken infirared, fitilarta kuma ba shi take fitarwa ba. Abin da akasarinsu ke yi shi ne ƙara duhu da haske a hoto.

Wadda ta fi samun goyon bayan bincike ga masu wuyar jijiya ita ce na'urar sikanin, irin ta duba juna biyu, domin tana nuna zurfi da faɗin jijiya, ana kuma ganin allura na shiga. Yanzu akwai ƙanana irin Butterfly iQ da ake jonawa da waya, allon wayar ya zama allon na'urar, wadda ta fara fitowa a kan kusan dala 2,000. Akwai ivWatch, wata 'yar na'ura da ake mannawa kusa da kanula tana haska nama don gano taruwar ruwa tun kafin ido ya gani, wato tana amsa tambayar da injin turawa ya kasa amsawa. Akwai kuma DripAssist mai aiki da batir ɗaya irin na rimot, da ake maƙalawa a bututu tana ƙirga ɗigo, ta yi ƙara idan gudun ya canza. Wannan ta ƙarshen ta fi kama da abin da zai yi aiki a asibitin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, duk da ita ma ɗigo kawai take gani, ba ta san inda ruwan ke tafiya ba.

Bayan an cire kanula ma aiki bai ƙare ba. Kumburin jijiya na iya bayyana kwana ɗaya ko biyu bayan an koma gida. Taurin da ke raguwa a hankali cikin 'yan makonni ba baƙon abu ba ne. Ciwon da ke ƙaruwa, kumburin da ke hawa sama zuwa damtse, mugunya, fatar da ta fara baƙi ko bororo, yatsun da suka mutu ko suka yi sanyi, ko zazzaɓi, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar, tare da hotunan da aka ɗauka da sunan maganin da aka saka.